Riƙon 'Yar Kwakwar Inuwa

A ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganyen kurmi akwai wani birni, da kasuwarsa da fadarsa har da gidan yarinsa. Na shige shi da ƙafata, ko in ce da ƙeyata, don faɗawa na yi. Wanda bai yarda ba ya yi haƙuri, ba zan yi masa rantsuwa ba, na riga na ƙarar da tawa wajen sayar da goro.

Sunana Ilu, mutumin Kazaure. Fataucin goro nake yi tun ina saurayi, yanzu ga furfura ta iso, hankali ne dai har yau yana hanya. Abokin tafiyata kullum shi ne Tanimu, ɗan gwaggona, wato taubashina. A al'ada shi bawana ne tunda ni ne ɗan namiji, amma in ka gan mu a tasha ni ne mai ɗauke da jakarsa.

Wata tafiya muna dawowa da kaya, motarmu ta mutu a tsakiyar kurmi. Direba ya shige ƙarƙashinta yana zaginta, mu kuma muka kutsa daji neman ruwan alwala. Rana tsaka ce, amma a ciki sai ka ce almuru. Itatuwa sun haɗe kai a sama, haske sai ɗigo-ɗigo, iska kuwa a jiƙe kamar an buɗe tukunyar dambu. A gindin wata ƙatuwar bishiya muka tarar da ita. Kwakwa ce sosai, da komai nata na kwakwa, amma ba ta kai gwiwata ba. Karanta bai fi alƙalami kauri ba, ganyenta a tsage biyu kamar wutsiyar kifi, kore shar. A gefenta ga wata 'yar ƙarama ta tsiro, ita kuwa ko tsawon tafin hannu ba ta yi ba.

Tanimu ya ce, "Ilu, zo ka ga 'yar'uwarka. Ashe ba kai kaɗai aka manta da shi ba ranar rabon tsawo."

Na ce, "Bawa, wuce mu nemi ruwa."

Ashe kilishin da ya ci da safe ya maƙale masa a haƙori. Ya sunkuya, ya kama siririn tsinken da ke fitowa daga tsakiyar babbar, ya fizge, ya hau sakace abinsa. Ita kuwa kwakwa ranta a wannan tsinken yake. Ban rufe baki daga cewa "kai!" ba ƙasa ta dare, muka zurma.

Muka yi ta gangarawa cikin ganye mai ɗumi har muka dira a wani dandali. Gidajen garin da ɓawon itace aka gina su, rufinsu laimar kwaɗi, a kowace kwana an ɗaure wata tsutsa mai haske a madadin fitila. Mutanen wurin fatarsu kore-kore, raɓa na ɗiga daga gemun kowane namiji. Mun ƙanƙance a hanya ba mu sani ba, don kai ɗaya muke da su. Wasu ƙattin cinnaku suka tasa ƙeyarmu zuwa fada, inda muka sami Magajiyar Raɓa a kishingiɗe cikin kwanson katantanwa, wata tsohuwar Hawainiya na tsaye a damanta.

Magajiya ta ce, "Ya ku 'ya'yan Adamu, masu taka ƙasar da ba tasu ba da ƙarfi, wane ne cikinku ya zare ran Uwar Inuwa, wadda ta girmi kakan kakanku, ya kuma sa shi a bakinsa?"

Na nuna Tanimu. Shi ma ya nuna ni, sai dai da tsinken ya yi nunin.

Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranki ya daɗe, bawana ne, wawa ne kuma, kowa ya shaida. A yi masa afuwa domin tsohuwarsa, ba ta da wani namiji sai shi."

Ta ce, "Kun kashe uwa kun bar marainiya. A garinku, idan uwa ta mutu, me ake yi da 'yarta?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, riƙo ake ba wani."

Ta ce, "Da bakinka ka yanke. Kai za ka riƙe ta. Da ma masu zarto sun kusa iso dajinmu, muna so mu gani ko irinmu zai rayu a hannun irinku. Mai sakacen nan zai zauna wurinmu. Abin da ta sha zai sha, abin da ta ji zai ji. Ranar da ta buɗe sabon ganye ya koma gida. Ranar da ganyenta na ƙarshe ya bushe ya zama laimar kwaɗi, mu yi rufin ɗaki da shi."

Tanimu ya fashe da kuka, ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba wani riƙon, don girman Allah. Wannan ko albasa ya dasa sai an yi mata zaman makoki."

Ba wanda ya saurare shi. Aka tono 'yar ƙaramar da ƙasarta, aka sa ta cikin ɓawon kwakwa, aka miƙo min tare da goran raɓa. Ganyenta biyar. Hawainiya ta rako ni ƙofar gari, tana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron ƙasa ta ƙone ta. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, rana makashinta ce. Ƙishi makashinta ne, jiƙo ma haka. Kuma ba ta son a dame ta."

Na ce na gane. In ka ji ɗan kasuwa ya ce ya gane, sauri yake yi.

Na rufa mata babbar rigata na kama hanya. Na ƙetare Kogin Tururi a kan wata saiwa mai santsi, kadoji farare kamar hayaƙi suna tsalle suna kai wa dugadugaina cafka. Na bi ta cikin kogon wata bishiya da jemagu ke karatu a cikinsa, kowa da kansa a ƙasa, suka tsaya cak suna kallona har na fita. Da na ɓulla ɗaya gefen na ga na koma girmana na da, kurmi ya ƙare, ga wani fili fetal wanda rana ba ta gusawa daga tsakiyarsa. Wata tsohuwar Giginya ce kaɗai a tsaye, kanta na gogar sama.

Ta ce, "Tsaya, ya kai gajeren mutum. Na ji ƙanshin dangi a ƙarƙashin rigarka. Wace ƙasa ce ake wucewa da yarinya ta gaban kakarta ba a kawo ta gaisuwa ba?"

Na ce, "Iya, an ce kada rana ta gan ta."

Ta ce, "Ni da ka gan ni nan a rana na girma, dubi inda na kai. Ko a gidanku ba a koya muku gaida manya?"

Kowa ya san inda ake taɓa Bahaushe. Na ɗaga riga, na ɗaga 'yar kwakwa sama, har da cewa, "Gaida kaka." Kafin in sauke hannu ganye ɗaya ya yi fari, ya nannaɗe. Sai na ji ihu daga cikin ɓawon, ƙarami kamar kukan sauro. Na kara kunne.

"Ilu! Ilu, ƙeyata ta toye! Me ka yi?"

Na ce, "Bawa, kai ne? Gaisuwa muka tsaya yi."

"Gaisuwa? Allah ya isa tsakanina da tarbiyyarka!"

Giginya ta leƙo daga sama ta ce, "Af, wannan ce? Na ɗauka mutum ce." Ta mayar da kanta sama.

Gaba kaɗan na tarar da wata mata zaune a bakin hanya, leɓenta a tsattsage, tana fifita da mafici, kowace kaɗawa ciyawar gabanta sai ta bushe. Ta ce, "Ya kai matafiyi, ni ce Bazara. Ka san abin da ake cewa da wanda aka roƙa ruwan sha ya hana?" Na sani. Na miƙa mata goran raɓa na ce ta kurɓa kaɗan. Ta kafa kai, ta miƙo min shi a bushe har ya tsage, ta sa min albarka. Da albarkar da fasasshen gora na tsinci kaina a bayan tashar Kazaure, ba kaya, ba Tanimu.

Abin da ya fi kadojin nan wuya shi ne shiga wurin Gwaggo Azumi. Tanimu ɗan farinta ne. Tun da aka yaye shi aka kawo shi gidanmu, tare muka tashi, shi ma Gwaggo yake ce mata. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Na tsuguna na zayyana mata komai, na ajiye ɓawon a gabanta. Ta dubi bango, ta ce, "To." Can ta ce, "Motar taku an samu ta tashi?"

Da na fito na kara kunne, Tanimu ya ce, "Ta tambaye ni?"

Na ce, "Ta tambayi mota."

Ya ce, "To ai shi ke nan, ta tambaya."

Baƙuwa ta zo daga nesa, kuma 'yar sarauta, ina za a sauke ta in ba a zaure ba? Na sa matata Tabawa ta fito da kwanon tangaran mafi kyau cikin kayan jerenta, na juye 'yar kwakwa a ciki, na shimfiɗa darduma na ɗora ta. Labari ya zaga unguwa. Masu zuwa jaje suka yi ta shigowa, kowa sai ya shafa ganye ya ce, "Ikon Allah." Da yamma na kara kunne, Tanimu ya ce, "Wane ne mai hannu kamar kwalta? Tun safe ake murza min kunne."

Kwanon tangaran ba shi da huda. Ni kuma na tuna an ce ƙishi makashinta ne, na manta da rabin zancen, na yi ta kwarara mata ruwa. Kafin mako ya zagayo ƙasar ta fara wari, Tanimu yana magana kamar mai kurkurar baki. "Ilu, ruwa ya kawo min wuya. Kifi aka ba ka riƙo?" Na ɗauko ƙusa da guduma na huda kwanon. Tabawa ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, da kwanon da uwata ta saya min?" Na ce ran mutum ake magana. Ta ce, "Na Tanimu?" Ta shige ɗaki.

Ruwa ya tsane, sai bakin ganye ya fara ƙonewa. Ashe ruwan famfon unguwarmu kanwa gare shi. Mu da muka saba ba ma ji, Tanimu kuwa cewa ya yi harshensa ya zama fata. Na koma sayen ruwan leda. Mutum da furfurarsa, yana tsugune a zaure yana fasa leda da haƙori yana shayar da ciyawa, nasa iyalin suna shan na famfo.

Amma duk wannan bai dame ni ba kamar maganar mutane. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, yarinya ko ƙwayar gero ba ta ƙaru ba. A garinmu kuwa ba abin kunya irin a ce ɗan riƙo ya rame a hannunka. In na wuce majalisa sai in ji ana cewa, "Da tasa ce ai da ta yi ƙiba." Na-Allah mai lambun bakin dam ya zo ya tsaya a kanta, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji Ilu, yunwa ce. Ba ka ga gwandata ba? Kashin akuya, mai zafi, ka cika mata." Ban je Makka ba, amma tunda ya ce min Alhaji sai na ga shawararsa da hankali. Na cika mata.

Ba zan rubuta abin da Tanimu ya faɗa ba, saboda yara na iya karantawa. Ganye na biyu ya tafi a ranar.

Sai na ce, kai, Ilu, sana'arka fa riƙon ɗanyen abu ce. Goro daga kurmi yake zuwa, kuma ba ya bushewa a hannunka. Na ɗauko ganyen fita da jiƙaƙƙen buhu, na naɗe ta ruf kamar huhun goro, na ɗaure da igiya, na ji daɗin kaina. Da na kwance bayan kwanaki, fumfuna ta yi mata farin gemu, ganye na uku ya zama miyar kuka. Tanimu ya ce, "Na yi zaton kabari ne, har na fara shirya amsa."

Kullum da hantsi Gwaggo Azumi sai ta shigo gidanmu aron rariya. Tana da rariya, ni na saya mata. Ta wuce ta zaure ba ta dubi kwanon ba, ta karɓi rariya, ta fito ba ta dube shi ba. Da la'asar ta dawo da ita a bushe. Abin da na lura kawai, zanenta kullum sai ta ƙara masa ɗauri, kuma Tabawa ta ce tuwon da ake kai mata yadda aka kai haka yake dawowa.

Ran nan ina tsugune ina tona gindin kwakwa da tsinke in ga ko saiwa na motsi, sai na ga bangon zaure ya buɗe ido. Hawainiya ce, ta rikiɗe ta zama launin ƙasa.

Ta ce, "Ya kai mai riƙo, Magajiya na gaishe ka. Ta ce a sanar da kai an fara auna ɗan'uwanka, akwai wani ɗakin ajiya da rufinsa ke yoyo."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙasarmu ce ba danshi. A taimake ni da iska irin ta kurmi."

Ta juya ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ta ce in cika aljihu da farin goro in kama wutsiyarta. Na kama. Muka bi ta cikin tsagar bango, muka hau wani dutse da tsaninsa ƙanƙara ce, na zame ya fi a ƙirga, har muka iso Kasuwar Gajimare. Ga su nan an ɗaure a turaku kamar ragunan layya, farare da baƙaƙe, wasu na tunkuyin juna walƙiya na tashi. Dillalin wani dogo ne mai murya kamar ana mirgina ganga.

Ya ce, "Ya kai baƙo daga ƙasa, wanne idonka ya kwanta da shi?"

Hawainiya ta kafa idanunta duka biyu a kan wani siririn hazo da ke kwance a gefe, ko turke ba a yi masa ba. Na gani sarai. Amma ni da na yi shekaru ina sayen rago, a ce in ba da farin goro in ɗauki wannan ramammen? Na zaga, na danna bayan wannan, na ɗaga wutsiyar wancan, na zaɓi wani baƙi mai ƙiba, har na sa aka rage min goro biyu. Hawainiya ta koma launin toka.

Na jawo shi da igiya har gida. A zaure ya ƙi tsayawa, ya fizge ya shige ɗakin Tabawa, ya yi tsawa, ya juye ruwa a kan katifa. Na biyo shi da kwano a hannu ina cewa, "Nan, nan!" Ya waiwayo ya watsa mana ƙanƙara, ganye na huɗu ya yi kaca-kaca. Tabawa ta buɗe taga ta bi shi da tsintsiya, ya fice ya nufi gabas. Na ji daga baya an yi ruwa mai kyau a wajen Ɓaɓura.

Saura ganye ɗaya, shi ma bakinsa ya yi ja. Na zauna a zaure jiƙe sharkaf na kara kunne. Muryar Tanimu ta yi ƙasa, ba zagi a cikinta, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Ya ce, "Ilu, ƙafafuna sun haɗe sun zama ɗaya. Kaina ya fara faɗi."

Na ce, "Da ma can yana da faɗi." Ban ji ya yi dariya ba.

Ina nan zaune Gwaggo ta shigo, ko zancen rariya ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallon rufin zaure, ta ce, "Ilu, wannan tarkacen ya tare wa mutane hanya. Kawo in zubar."

Na ce, "Gwaggo, ai Tani..."

Ta ce, "Na tambaye ka?"

Ta sa hannu ba ta duba ba, ta ɗauke kwanon ta rufa masa mayafi ta fice. Na bi ta a baya kamar ɗan akuya. A gidanta akwai wata rumfar zana a gindin mangwaro inda randarta take, wadda take tara ruwan sama a ciki tun damina, don ta ce na famfo yana sa ta ciwon ciki. Bayan randar wani lungu ne mai sanyi, ƙasarsa baƙa saboda ganyen da ke ruɓewa a wurin, gansakuka ta kama gindin randar, haske na shigowa ta hudojin zana ɗigo-ɗigo. Ta juye kwakwar cikin wani fasasshen tulu, ta kwashi ƙasar wurin ta watsa, ta tura shi lungun da ƙafa kamar mai korar kaza.

Na ce, "Gwaggo, 'yar sarauta ce fa. A bayan randa?"

Ta ce, "Ga kwanon matarka. In na ƙara ganin ka leƙa min bayan randa, sai na saɓa maka."

Wannan zaman shi ya fi komai cin raina. Ba tonawa, ba aunawa, ba kara kunne. Ni na koma mai zuwa aro. Yau in ce allura, gobe in ce muciya, in zauna a tabarma ina satar kallon rumfa. Abin da nake gani bai taka kara ya karya ba. In ta sha ruwa, ɗan ragowar da ke cikin moɗa sai ta watsa ta bayan kafaɗarta, fuskarta na kallon wani wuri. In zafi ya yi tsanani ta jiƙa tsumma ta yafa wa randa, wai don ruwanta ya yi sanyi, gefen tsumman kuwa ya sauka ta lungun. In akuya ta nufi wajen, takalmi ya riga ta isa. Wata rana na ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa tana tsince shinkafa, ta juya wa randar baya. Da ta gan ni ta ce tari ne ya sarƙe ta.

Na ce, "Gwaggo, ko dai in ɗan duba? Ko taki kaɗan?"

Ta ce, "Duba me?"

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Na daina zuwa kurmi, na daina zama a majalisa. In na ga laimar kwaɗi ta tsiro a gindin bango sai in kauce mata, in yi mata sallama a zuciyata, don ban sani ba.

Wani hantsi ina zaune da muciyar aro a hannu, sai kututturen mangwaro ya buɗe ido. Hawainiya ta sauko, ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tsaya gaban Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ya ke uwar gida, Magajiyar Raɓa na gaishe ki gaisuwar tsara. Marainiyarmu ta buɗe ganye. Ita marainiyar kuma ta aiko a roƙe ki, ta ce ba ta son komawa kurmi, a bar ta inda take."

Gwaggo ta ce, "Ni ban san da wata marainiya ba. Tarkace ne na zubar. In ya ga dama ya zauna, ba ya tare min komai."

Ban jira izini ba, na yi tsalle na leƙa. Tsohon ganyen na nan da jan bakinsa. A gefensa ga sabo ya buɗe, ɗan mitsitsi, ja-ja kamar tafin jariri, raɓa na reto a bakinsa. Duk wahalar nan, tsawon da ta ƙara bai kai farce ba. Ina cikin kallo ƙasar lungun ta motsa, wani abu kamar ɗan yatsa ya fito yana kumbura, har ya ture ni na faɗi zaune cikin caɓi. Tanimu ne, a jiƙe, fatarsa ta yi kore-kore, ƙeyarsa da tabon ƙuna, kansa kuwa, in faɗi gaskiya, ya ɗan ƙara faɗi.

Na buɗe hannu zan rungume shi. Ya ce, "Matsa, makashi." Ya wuce ni, ya je ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar Gwaggo, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Gwaggo, na dawo."

Ta juya fuska ga bango. Moɗar da ke hannunta ta karkace, ruwa na zuba a zanenta, ba ta ajiye ba.

Can ta ce, "Ilu."

Na ce, "Na'am, Gwaggo." Na gyara zama, na ce yau dai za a yi min godiya.

Ta ce, "Akwai tuwo a rufe cikin ɗaki. Ka ce wa wancan ya ci tun da zafinsa. Kai kuma ka ajiye min muciyata ka tafi gida."